Batirin zuciya mai magana da waya: yadda na ga Azure na Medtronic

Jama'a masu tambayata kan batirin zuciyar da aka sa wa Baba a nan Ingila, wato 'yar na'urar da ake dasawa a ƙirji don daidaita bugun zuciya, ga abin da na gani. Sunansa Azure, na kamfanin Medtronic, yana haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth da wata manhaja MyCareLink Heart, wayar ce ke tura bayanan zuciyar asibiti ba sai an ɗauki tsoho an kai shi kowane lokaci ba.

Ni dai aikina harkar sadarwa ne, shi ya sa eriyarsa ta fi komai burge ni wallahi. Jikin na'urar ƙarfen titaniyom ne, sigina ba ya ratsa shi, to sai suka cusa 'yar eriyar a cikin robar nan mai haske da ke samansa inda siraran wayoyin lantarki masu zuwa zuciya ke shiga, wuri ne da bai kai ɗan yatsa ba. Kuma naman mutum ruwa ne da gishiri, shanye sigina yake yi, balle na 2.4 GHz da Bluetooth ke amfani da shi, shi ya sa na da suka fi amfani da 402 zuwa 405 MHz amma su sai da wani akwati na musamman a gefen gado. Sannan ba damar a ƙara mata ƙarfi don batirin shekaru ake so ya yi a ƙirji, in ya ƙare sai an sake tiyata.

Saboda haka kar ku zata kamar sifika ce da za ta kama daga falo. Dole wayar ta zauna kusa, mu dai kan durowar gefen gadonsa take kwana a caji, Bluetooth a kunne, manhajar ma ba a rufe ta. Amma kuma ba a sa ta a aljihun gaban riga, a bar tazarar santimita 15 tsakaninta da wurin da na'urar take, wannan sai da muka yi ta tuna wa Baba don can ya saba jefa waya.

Abin da ya fi kwantar masa da hankali yana gani da idonsa cewa saƙo ya tafi, ga kuma kiyasin sauran ƙarfin batirin. Sai dai manhajar ba ta gaggawa ba ce fa, in jiri ko ciwon ƙirji ya zo asibiti ake nufa.

Masu shirin zuwa waje a sa musu su koma gida, don Allah tun kafin tiyata ku tambayi likita wane asibiti ne zai riƙa duba bayanan, kuma wayar mara lafiyan za ta ɗauki manhajar ko a'a.