Littafin soyayyar da ya hana ni barci

Dare biyu na yi a kan littafin nan, har idona ya yi ja. Labarin wata matar aure ce a Landan zamanin Sarauniya Victoria. Mijinta ya kama wa farkarsa gida, kowa ya sani, ba mai ce masa uffan. Ita kuwa, daga zuciyarta ta karkata ga wani mai zanen hotuna, sai gari ya ɗauka.

Abin da ya kama ni shi ne yadda marubuciyar ta bar matar ta ji sha'awa ba tare da an mai da ita 'yar iska ba. Akwai wurin da mai zanen ya ɓalle mata maɓallan safar hannu ɗaya bayan ɗaya, tana jin bugun zuciyarta har cikin kunnenta. Shafi biyu cur, babu batsa ko kaɗan, amma sai da na ajiye littafin na numfasa.

Zaluncin da ke ciki kuma ba ƙirƙira ba ne. Dokar saki ta Ingila ta 1857 ta ba miji damar rabuwa da matarsa saboda zina kaɗai, mace kuwa sai ta haɗa zinar mijin da wani laifinsa, kamar azabtarwa ko ƙaurace mata shekara biyu. Sai a 1923 aka daidaita su. Wallahi raina ya ɓaci a babin kotun.

Tsakiyar labarin ta ja da yawa, kuma mai zanen ya cika kirki, ba shi da aibi ko ɗaya. Na manya ne, kada a bar shi inda yara za su ɗauka.