Gyaran amfamita ko sa bolmita a tsohuwar Land Rover

Allurar agogon caji ta tsohuwar Land Rover ɗin kawuna a Tawa ta daina motsi, sai aka rabu biyu: ko a gyara amfamitar, wato agogon da ke auna yawan wutar da ke shiga ko fita daga bateri, ko a cire ta a sa bolmita, mai auna ƙarfin wutar bateri.

Amfamita a kan hanyar wuta take zaune, duk wutar da dinamo ke turawa bateri ta cikinta take ratsawa. Shi ya sa idan ƙusoshin bayanta suka yi sako-sako ko suka yi tsatsa sukan yi zafi. Mun buɗe allon agogunan motar, muka tarar robar wayar ta narke, tana warin ƙuna. Gwajin bai da wuya: cire kan bateri tukuna, haɗa wayoyin biyu wuri ɗaya, mayar da bateri. In wuta ta dawo daidai, ciwon a cikin agogon yake. In kuwa allura baya take yi lokacin caji, wayoyin ne ke a juye, abin da kan faru idan aka sauya tsarin mas (wato kan baterin da ake haɗawa da jikin mota) na motocin kafin 1967.

Bolmita kuwa siririyar waya ta ishe ta, ba ta ɗaukar nauyin wuta. Inji a kashe wajen bolt 12.6, yana aiki kusan 14, ka san caji lafiya.

Ni da bolmita na so, tunda kawu na shirin sa alternato, na'urar caji ta zamani a madadin dinamo, mai ƙarfin da agogon amfa 30 ba zai jure ba. Ya ce, "Ɗana, bar mini allurata." Muka goge ƙusoshin, muka sauya wayar, dinamo ya ci gaba da zama.