Avi Shlaim ko Benny Morris: wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka fara saya cikin littattafan waɗannan masana tarihi biyu kan rikicin Isra'ila da Larabawa; tunda kuɗin littafi ɗaya gare ka, sayi The Iron Wall na Shlaim ka huta. Duka biyun suna kan kantata, ba labarin ƙanzon kurege nake ba ka ba.

Na Shlaim na karanta shi ne lokacin da nake jinyar karaya, sati uku ina kwance. Baffana, wanda rediyo ba ta rabuwa da kunnensa, kullum da la'asar sai ya zauna a bakin gado ya ce in fassara masa inda na tsaya. Ranar da muka zo kan ganawar sirri da Golda Meir, wadda daga baya ta zama firaministar Isra'ila, ta yi da Sarki Abdullah na Jodan a Nuwamban 1947, da zuwan da ta yi wurinsa a Amman a Mayun 1948 sanye da tufafin matan Larabawa, kashe rediyon ya yi ɗungurungum, ya ce, "Ashe ana ta yi a bayan fage!" Har yau alamun fensir ɗina na nan a gefen shafukan.

Shlaim Bayahuden Iraƙi ne. A Bagadaza aka haife shi a 1945, iyayensa suka koma Isra'ila yana ɗan shekara 5, ya yi aikin soja a can, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Oxford. Sunan littafin ma ya samo shi ne daga maƙalar da Jabotinsky, wani jigon masu fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ya rubuta a 1923, mai cewa sai an kafa katangar ƙarfi da Larabawa za su fid da ran rushewa kafin a zauna sulhu. Da wannan ma'auni yake bin shugabannin Isra'ila ɗaya bayan ɗaya. Yana sukar gwamnatocin ƙasar, bai kuma ɓoye ba, ka karanta da sanin haka.

Morris kuwa, to, ba a ƙwace masa ƙwazo. A littafinsa The Birth of the Palestinian Refugee Problem, shi ya bi takardun gwamnati da na sojan Isra'ila da aka buɗe bayan shekara 30, gari-gari, ƙauye-ƙauye, yana tantance yadda Falasɗinawa kusan 700,000 suka rasa muhallinsu a yaƙin 1948. Sai dai ni na yi gaggawar sayensa tun ban san kan labarin ba, na maƙale a tsakiya. Littafin duba hujja ne, ba na hira ba. Hirarsa da jaridar Haaretz a 2004, inda ya nuna da Ben-Gurion, firaministan Isra'ila na farko, ya kammala korar Falasɗinawa da ya fi, ita ta ƙara sanyaya mini gwiwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wani ya taɓa lafta mini na jabu, bango tsaf, ciki kuwa shafi kusan ashirin babu, taswirori sun dusashe kamar an jiƙa su. Wasu kuma za su tura maka Protocols of the Elders of Zion su ce shi ne "asirin Yahudawa". Ƙirƙirarren abu ne da ya fito a Rasha a 1903, jaridar Times ta Landan ta tona asirinsa tun 1921. Ko kyauta aka ba ka, ba tarihi ba ne.

Ka nemi bugun 2014 mai ƙarin babuka, ba na 2000 ba, kuma kada ka tura ko sisi sai ka riƙe littafin a hannu ka bi lambobin shafi har ƙarshe.