Gadar Kennedy a cikin tasa

Ƙanwata ce ta haɗa ni da yaron, wai da madubi yake ɗaukar hoto. Na ɗauka irin na ƴan biki ne, a gyara ɗaurin kallabi a yi murmushi, har sabuwar shaddata na saka.

Ya ce mu haɗu bakin kogi ta wajen unguwar Harobanda a Yamai bayan asuba, kafin iska ta taso ta yamutsa ruwa. Kayan aikinsa sai da suka ba ni dariya: kamara ɗaya, ɓallin madubi da ya samo a kasuwar Katako, sai wata baƙar tasa. Ya cika ta da ruwa, ya ajiye gabana, ya kwanta rub da ciki a kan yashi.

Na ce, "Kai kuwa lafiya?"

Ya ce, "Tanti, sai ido ya yi ƙasa sosai ruwa ke zama madubi. In na miƙe, gindin tasa kawai zan gani."

Da ya nuna mini, sai sama da ƙasa suka rikice mini. Gadar Kennedy, wadda ke tsaye tun 1970, ga ta a kife cikin tasar wanki, motoci na bi ta kanta ƙafafu sama. A na biyu ya kara madubin a kwance daidai bakin gilashin kamara, sararin sama ya cinye rabin kogin, kwalekwalen wani masunci ya koma yana shawagi cikin gajimare babu ɗigon ruwa ƙarƙashinsa. Ba aikin kwamfuta ba ne, ina tsaye aka yi.

Jikka 15 na biya, hoto biyar, ban yi da-na-sani ba. Amma wankin hotunan ya ba ni haushi: mako guda ya zama uku, na farkon kuma ya fito kore-kore, sai da na mayar aka sake. Kuma fuskar mutum ba ta dame shi ba. A guda kaɗai aka gane ni ce, shaddar kuwa ko oho. Mai son hoton nuna ado ya nemi wani.

Na gadar na rataya a falo. Sau biyu ke nan ina dawowa daga kasuwa in tarar Inna ta juya shi, wai yara sun rataya mata hoto a kife.