Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna yana da daɗi, saura ya ƙarasa Kano

Duk wanda ya saba bin titin Abuja zuwa Kaduna a mota ya san abin da jiki ke sha, shi ya sa tun da na koma shiga jirgin ƙasa daga tashar Idu ban ƙara waiwayar tashar mota ba. Layin kilomita 186 ne, an buɗe shi a 2016. Tikiti a waya ake yankarsa, kujera mai lambarta, ga sanyin na'ura. Bayan an wuce Kubwa sai hayaniya ta lafa, ka zuba ido ta taga kana kallon gonakin masara da shanu a wajen Jere. Akwai wata baiwar Allah da ta zauna kusa da ni, jaririnta ya yi barci a cinyarta tun daga Abuja bai motsa ba har muka isa. A mota ina za a samu haka?

Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022 kusa da Katari har yanzu yana ran mutane, kuma za ka ji tarago ya yi tsit idan an zo yankin. Amma tun da aka dawo da zirga-zirga a Disambar shekarar, jami'an tsaro na cikin jirgin, hankali ya fi kwanciya.

Damuwata tana farawa ne a Rigasa. Ni mutumin Kano ne, nan jirgin yake sauke ni, sai na nemi abin hawa zuwa Kawo, na jira mota ta cika, sannan a kama hanyar Zariya da Kwanar Dangora. Hutun da na samu a jirgi duk ya zube kafin na ga Kura. 'Yan kasuwar Kwari da na Dawanau da ke ɗauke da kaya sun fi ni jin jiki.

A Yulin 2021 aka aza harsashin layin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203, ga kuma na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. In waɗannan suka haɗu, mutum zai taso daga Abuja ya sauka a Nijar ba tare da ya hau titi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun 1911 dogo ya iso Kano, da shi aka riƙa kwasar gyaɗa zuwa Legas, yau kuma muna roƙon abin da kakanninmu suka mora.

Ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa da wakilanmu a majalisa su riƙa tambayar inda aikin ya kwana, a fili, a kai a kai. Wanda kuma zai shiga jirgin a ƙarshen mako, ya yanki tikiti da wuri, kujeru ba sa daɗewa.