Tarkon Sherman na kama ɓeraye da rai: ƙarfinsa da rauninsa

Masu binciken ƙananan dabbobin dawa sun daɗe suna dogaro da tarkon Sherman, wanda ake ƙerawa a Amurka, kuma ya cancanci wannan yarda. Akwati ne na alminiyam mai ƙofa gaba da baya. Samfurin da aka fi amfani da shi tsawonsa kamar santimita 23 ne, faɗi 8, tsayi 9. Yana naɗewa ya kwanta shafal, har mutum ɗaya ya iya ɗaukar guda arba'in a jaka.

Sirrinsa yana wurin ɗanawa. Ana danna ƙofar gaba ciki har ta maƙale a wani ɗan harshen ƙarfe. Da dabba ta taka farantin da ke ƙasa, sai sifirin ya tura ƙofar ta rufe. Idan harshen ya kama ƙofar da yawa, ƙaramin ɓera zai cinye koto ya fice abinsa. Idan kuma bai kama sosai ba, ɗigon ruwan sama ma zai tayar da shi. Gyaran da yatsa ake yi, a ɗan lanƙwasa harshen, sannan a gwada da tsinke. Koton markaɗaɗɗiyar gyaɗa da hatsi a dunƙule shi a ajiye can ƙurya, domin in ya shige ƙarƙashin farantin, tarkon ya daina aiki. A jera su da tazarar mita 10, kowanne ya zauna daram.

Babban aibinsa zafi ne, kuma nan ya kamata a tsaya a kula. Ƙarfe ne rufaffe, rana na dukansa sai ya koma tanda. A ɗana da yamma, a duba da asuba, a lulluɓe shi da ganye. Jaba ba ta jure yunwa ko ta 'yan awoyi, don haka inda take da yawa sai an zagaya cikin dare ma. Kiyashi da cinnaka suna bin koto, suna iya hallaka dabbar da ke ciki. A wurin sanyi kuwa a sa ɗan auduga.

Manyan ɓeraye suna gaigayar alminiyam. Ga irinsu a nemi mai ƙofar ƙarfe. Gafiya ta fi ƙarfinsa, tarkon waya ya dace da ita.

Wankinsa da sauƙi: a zare wayar gefe, ya buɗe gaba ɗaya. A sa safar hannu da takunkumi kafin a taɓa, saboda fitsari da kashin wasu ɓeraye na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lasa ko ƙwayar cutar da ake kira hantavirus.