Rafi ko Kishore Kumar?

Mohammed Rafi ya koyi waƙar gargajiyar Indiya a wurin malamai, shi ya sa muryarsa ke hawa da sauka ba tangarɗa. Aikinsa ɗaya ne har ya rasu a 1980: ya tsaya gaban makirufo ya rera, jarumi ya motsa leɓe a fim.

Kishore Kumar kuwa bai yi karatun waƙa ba. Ya fito a fim, ya shirya nasa, ya haɗa kiɗa da kansa. Fim ɗin Aradhana na 1969 ne ya ɗaga shi, ya zama muryar jarumi Rajesh Khanna. Kyautar Filmfare ta finafinan Indiya takwas Kishore ya ci, Rafi shida. Duk da haka ni Rafi nake zaɓa, don in ya rera waƙar rabuwa, jiki sanyi yake yi.